Fashin Haruna a Takardar Hauwa

Har yau ban manta da ranar da Alhaji Sani na unguwar Bololo ya shigo ofishinmu riƙe da takardar sakamakon 'yarsa ba. Farkon shekarun dubu biyu ne, ina kula da kwamfuta ɗaya tilo ta wata makarantar kuɗi a unguwar Moursal.

Takardar ta ce Hauwa za ta maimaita aji, wai an cire mata maki saboda fashi. Alhaji ya rantse ko ranar da ruwa ya cika unguwa sai da ta zo. Direkta ya ce masa, "Alhaji, inji ba ya ƙarya." Da ya juyo kaina kuma sai ya ce, "Malam Isa, duba, amma kar ka taɓa komai."

Wanda na gada ne ya rubuta tsarin lissafin, ya kuma bar ƙasar. A irin wannan rubutu akwai abin da muke kira bariyabul, wato ɗan akwati mai suna da ake ajiye lamba a ciki. Na ba da umarni a jero min su duka. Wallahi sai da na dafe kai: x, xx, x2, toto, har da wani wai shayi. Ko layi ɗaya na bayani babu.

Na ɗauki biro ina bin su ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta abin da kowanne ke riƙe da shi. Wuta ta ɗauke sau biyu, na sake daga farko. Direkta kuwa sai leƙowa yake: "Har yanzu?"

Bayan la'asar na kama ɓarawon. Akwatin xx ne ke riƙe da kwanakin fashi, kuma ba a share shi kafin a wuce ɗalibi na gaba. Haruna, wanda sunansa ke saman na Hauwa, shi ne sarkin fashi. Ta gaji laifinsa.

Na nuna wa Direkta. Sai ya ce, "To me ya sa ba ka gani ba tun bara?"

Na gyara akwatin, na sake lissafin. Hauwa dai ta wuce aji, da wasu irinta.

Ku yaran yanzu, in an miƙa muku rubutun wani, ku fara jero akwatunansa ku leƙa ciki. Kuma kar ku jira godiya: in lissafi ya yi daidai na inji ne, in ya ɓaci naku ne.