Ƙwaƙwalwar Rago da Kason Iya

A gidanmu na Birnin Gwari babu faɗan da ya kai na rabon naman layya daɗewa. Na taso na tarar da shi, kuma ban taɓa ganin shekarar da aka fasa ba. Ranar Sallah a yanka raguna biyu, a feɗe, a rataye su sha iska. Washegari da hantsi Baba ya shimfiɗa buhu a tsakar gida, ya zauna da wuƙaƙensa biyu da ƙaramin gatari, sai wasa ya fara.

Baba makaniken injin niƙa ne. Irin mutanen nan ne da idan ka ɗauki sifana mai lamba goma ka mayar da ita gurbin mai lamba sha biyu, to ranar ka shiga uku. Haka yake raba nama. Gida ashirin da uku ne a kansa, kowane gida da kasonsa, tsoka daidai, ƙashi daidai, kitse ɗan kaɗan, a jere layi-layi kamar kunyoyin gona. Kaso na farko ne kaɗai ya fita daban. Shi tsoka ce zalla daga gadon baya, babu ƙashi ko ɗaya. Da ya gama sai ya ƙunshe wannan kason, ya ɗaure a bayan babur, ya fita da shi da kansa kafin a fara kai sauran. Ban taɓa tambayar dalili ba. Na sa shi cikin ƙa'idodin Baba waɗanda ba a tambaya.

Inna kuwa ba ta san layi ba, fuska ta sani. Idan mace ta shigo gaisuwa, kafin ta gama tsugunawa Inna ta gane ko an ɗora tukunya a gidansu jiya. Saboda haka da zarar Baba ya juya baya zai wasa wuƙa, sai hannunta ya kai sumame. Ta tsame tsoka biyu daga kason da ke kusa da gwiwarsa ta hagu, ta ƙara wa na mai jego, ta ƙara wa na wadda mijinta ke kwance.

Baba ya juyo ya dubi buhun. "An taɓa mini layi."

"Malam, ni da nake fama da tukunya?"

"Adalci shi ne kowa daidai."

"Mai jego da tuzuru ba daidai suke ba."

Haka za su yi ta yi har a gama, mu kuma muna gefe muna danne dariya. A raina kullum ina bayan Inna. Ina ƙaunar Baba, amma na girma da tunanin cewa a ƙirjinsa akwai ma'auni a inda sauran mutane ke da zuciya.

Ni ce auta, kuma aikina a Sallah shi ne kan rago. In babbake shi, in kankare, in fasa. Tun ina ƙarama abin da ke cikin ƙoƙon kan ya fi naman burge ni. Sai in zauna ina kallon lanƙwashe-lanƙwashen ƙwaƙwalwar har Inna ta ce in ba zan dafa ba in ba mai so. Wataƙila wannan ne ya kai ni Zariya karatun aikin ɗakin gwaje-gwaje, inda aka koya mana yanka tsokar jiki siririya fiye da fatar albasa, a rina ta, a duba a madubin likita.

A can na san cewa ƙwaƙwalwa launi biyu ce, toka-toka a waje, fara a ciki. Farin nan zaruruwa ne masu yawan gaske, kowane zare lulluɓe da kitse, su ke kai saƙo daga wannan sashe zuwa wancan. Wata rana wani malaminmu ya nuna mana hotunan da na'ura ke ɗauka a kan mutum mai rai, inda ake bin yadda ruwa ke tafiya a tsakanin zaruruwan don a gane yadda suka jeru da yadda suka cunkushe. Ya ce masu bincike na kwatanta irin wannan hoto da halayen mutane, musamman hali biyu: saurin jin abin da wani ke ji, da son bin abu bisa tsari da ƙa'ida. Ya ce akan ga alamun alaƙa. Daga nan ya ɗaga yatsa ya ƙara da cewa alaƙar ba ta da ƙarfi, sai an tara mutane da yawa take bayyana, ba a yanke wa mutum ɗaya hukunci da ita, kuma mutum guda kan iya ɗauke da halayen biyu.

Wannan kashedin ban ji shi da kyau ba. Tun da ya ce tausayi da tsari, hankalina ya riga ya hau mota ya tafi gida. Ga Inna, ga Baba. Na ji kamar an ba ni makullin gidanmu.

Da Sallah ta zo na dawo da ilimi yana yi mini ƙaiƙayi a baki. Washegarin yanka na riga kowa tashi, na fasa kan rago a hankali, na ciro ƙwaƙwalwar ba ta fashe ba, na ɗora a faranti na raba ta biyu da reza. Baba ya shimfiɗa buhunsa ke nan, matan yayyena biyu na wanke-wanke, Inna na hura wuta. Na ce kowa ya zo ya gani.

Suka zo kuwa. Na nuna musu tokar, na nuna musu farin, na yi bayanin zaruruwa. Baba ya sunkuya har da gyara tabarau.

"Kamar wayoyin cikin janareta ke nan," in ji shi. "Kitsen shi ne robar da ke jiki."

Ya fi ni iya faɗa, amma ban tsaya yaba masa ba, ina sauri in kai inda na nufa.

"To kun ga, shi ya sa kuke faɗa duk shekara. Inna zaruruwanta na tausayi ne suka yi ƙarfi. Shi kuwa Baba nasa duk na tsari ne, wajen tausayin ne babu. Ba laifinsa ba ne, haka aka halicce shi."

Na faɗa ina dariya, ina jiran a taya ni. Matan yayyena suka koma ga kwanukansu da sauri. Inna ta zuba mini ido. Baba ya miƙe a hankali, ya cire tabarau ya sa a aljihu.

"Haka boko ya ce, Likita?"

"Haka bincike ya nuna, Baba."

"To madalla." Ya ɗauki wuƙaƙen biyu ya ajiye a gabana, ƙota na kallona. "Bana masu tausayi su raba."

Ya wanke hannu ya tafi shagonsa, ranar da babu mai buɗe shago. Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi ba ni tsoro. Amma girman kai ya hana ni bin sa. Na ce wa Inna ai ga dama ta samu, yau babu mai cewa an taɓa masa layi.

Rabon ya fara da daɗi. Shekarun nan garin ya cika da matan da suka baro ƙauyukan wajen Damari da Gwaska suka raɓe a gidajen 'yan'uwa, kuma da yawansu sun san ƙofar Inna. Duk wadda ta shigo da labarinta. Inna ta saurara, idonta ya ciko, ta damƙi nama ta zuba mata. Ni ma ina zubawa, ina jin kaina wata waliyyiya. Babu layi, babu kaso, sai wanda ido ya gani. Kafin azahar muka duba buhu, saura ƙasusuwa da wuya, ga gidajen maƙwabta shida ba a kai musu ba. Dole muka shiga naman da aka ware wa gida, muka yi ta kame-kame har aka rufa asiri.

Inna ta zauna a kan turmi tana fifita da gefen mayafi. "Auta, yau kin yi ɓarna."

"Inna, ai gaskiya na faɗa. Ke ma kullum sai kin sata kafin mai jego ta samu."

Ta yi wata 'yar dariya. "Gida nawa ne a kan babanki?"

"Ashirin da uku."

"Kin taɓa ƙirga kason da yake jerawa? Ashirin da huɗu ne. Na kusa da gwiwarsa na wa ne? Wuƙar da yake juyawa ya wasa, tun daren jiya a washe take."



"Shekara talatin yana ajiye mini abin sata," in ji ta. "Ni kuma da kike ganin ba ni da tsari, tun bayan azumi nake riƙe da wadda ta haihu da wadda aka yi wa rasuwa. Yau ne kawai babu layin da zan ƙara a kai, shi ya sa na ruɗe."

Da yamma Baba ya dawo, ya ci abinci, bai tambayi yadda rabo ya kasance ba, mu ma ba mu ce ba. Na kwanta da niyyar ba shi haƙuri, amma ina ta neman kalmomin da ba za su sa in faɗi ƙasa warwas ba.

Da safe ina shara sai na ji sallama a zaure. Wata tsohuwa ce 'yar Gbagyi, da ƙwarya a kafaɗa yadda matansu ke ɗaukar kaya, ƙafafunta jawur da ƙasa. Na san ta sama-sama. Iya muke ce mata. Mijinta aminin Baba ne, tare suke rataye amya a daji suna ɗiban zuma tun kafin dajin ya zama abin tsoro. Da ya rasu ta dawo ƙarshen gari, ita kaɗai a wani ɗaki a bakin daji. Ba musulma ba ce, ba ta zuwa gidanmu da Sallah, ba ta taɓa roƙon kowa komai ba. Ina ganinta na gane inda Baba ke zuwa a kan babur. Kaso na farko nata ne. Inna ta ɗauka Baba ya kai kamar kullum, Baba ya ɗauka masu tausayi ba za su manta ba, ni kuwa ban taɓa tambayar ko na wa ne ba.

Ta sauke ƙwaryar, ta kama hannuna. "Yarinya, yana ina? Jikin ne?"

Kafin in amsa Baba ya fito daga ɗakinsa. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta saki numfashi, ta zauna daɓas a kan tabarma.

"Ashe lafiya kake. Jiya na jira har rana ya faɗi. Na ce mutumin nan bai taɓa bari rana ya yi tsaka ba, ko dai yana kwance ko ya mutu ba a gaya mini ba." Ta tura ƙwaryar gabansa. "Ga kunu na dama na dubiya. Tunda ba ka ciwo, sha haka nan."

Baba ya tsuguna ya gaishe ta da yarensu, abin da ban taɓa sanin ya iya ba. Bai dube ni ba. Da ya dube ni ma da ya fi mini sauƙi.

Inna ta fito aka yi ta ba da haƙuri, Iya tana kaɗa hannu tana cewa ita ba nama ya kawo ta ba. Sai ta juyo gare ni, ta buɗe baki ta nuna mini dasashinta, haƙora uku suka rage.

"Kin gani? Shi ya sa ba ya sa mini ƙashi. Ya zo, ya zauna, ba ya magana. Ya duba ƙofa, ya duba jinka, in akwai inda ya lalace ya gyara ya tafi. Tun shekaran da maigida ya mutu."

Na tambaye ta, don kawai in sami abin cewa, ko kafaɗarta ba ta gaji ba daga bakin daji har nan. Ta ce kai yana da nasa kayan a ciki, ba a ƙara masa wani a sama. Inna ta nuna ni ta ce ai ga wadda nata kan ya yi mata nauyi tun jiya. Aka yi dariya, har da ni, amma idona ya cika da hawaye. Kunya ce zalla, irin wadda ban taɓa ji ba.

Har yau ina aikin ɗakin gwaje-gwaje, kuma har yau zaruruwan nan na burge ni. Na yarda akwai abin da suke faɗa game da halin ɗan Adam. Sai dai duk ɗalibin da aka turo mini, da kashedin malaminmu nake fara masa, in maimaita sau biyu.

A ranar dai, da Iya ta shiga ciki wajen Inna, na sami Baba a zaure na durƙusa.

"Baba, ka yafe mini. Ban san abin da nake faɗa ba."

"Tashi, Likita. Ɗauko mini kwanon soye da faranti."

Na kawo. Ya sa tabarau, ya zauna ya jawo kwanon gabansa. Ya riƙa ɗaukar naman ɗaya bayan ɗaya yana dannawa da babban yatsa, mai laushi ya sa a faranti, mai tauri ya mayar. Na tsuguna kusa da shi, na zaɓi wata tsoka mai kyau na miƙa masa. Ya danna, ya girgiza kai, ya mayar mini a tafin hannu.

"Wannan ya yi mata tauri. Sake dubawa."