Ƙande, wadda ta ƙi dirje fuskar Sa'ida

Kullum da hantsi Ƙande, mai gyaran amare a Dungas, takan wanke hannu, ta ɗauko ɗan gwangwani daga gindin randa. A ciki akwai faya-fayan auduga jiƙe da ruwan sanyaya fata, wanda ƴan mata ke kira tona. A da, audugar gona da ruwan randa take amfani da su. Yanzu na farmasi, wato kantin magani, take saye, amma sai ta shinshina tukuna. In ta ji warin alkol, wato sinadarin barasa, ko na turare, sai ta mayar wa mai shi. Amaryar da aka kawo, takan manna mata guda a bayan kunne, ta ce a dawo gobe a ga yadda fata ta karɓa.

Shekara talatin ana yi mata dariya. Wai hannunta sanyi gare shi. Mu nan mun yarda cewa abin da bai yi zafi ba bai yi aiki ba. Wa ya ce? A ina aka gwada? Mun ji a bakin iyaye, muka haɗiye, muna ta ƙona ƴaƴanmu da shi.

Bara aka kawo mata Sa'ida, malamar lakwal, wato makarantar boko, a Guci, saura kwana tara ɗaurin aure. Ƙawaye sun haɗa mata man bilicin da lemon tsami. Kumatu sun yi jawur, ko mayafi ya taɓa sai hawaye. Gwaggonta Fadi ta ce a dirje da dilka da kurkum, mataccen ɓawo ya fita.

Ƙande ta duba fuskar a hasken ƙofa, ta ce, "Hajiya, wannan fata ce, ba ƙwarya ba. In na dirje ta yau, tabon zai raka ta har tsufa."

"To auduga muka hau kabu-kabu tun daga Guci mu zo kallo?" in ji Fadi.

Ta fita tana faɗa, ta kuma janye wasu amare biyu na danginsu ta kai wa wata. Sa'ida dai ta zauna. Ƙande ta fara kai ta gidan likita, aka hana ta man nan. Daga nan safe da yamma sai ta ɗora mata audugar mai sanyi, ta danna a hankali, ba gogewa. Ta hana sabulu mai ƙamshi, ta hana hoda, ta hana kusantar hayaƙin turare.

Ranar biki jan ya kwanta, fuska ta koma kalarta ta haihuwa. Me matan taro suka ce? Wai amarya ba ta yi haske ba. Yarinya ta tsira da fuskarta, su kuma haske suke nema, kamar fitila aka aurar.

Ƙande, ke ce kika gwammace a zage ki a kasuwar gari da a ce hannunki ya ɓata ɗiyar wani. Ba wanda ya kira sunanki a wurin bikin, to ga shi an kira yau. Allah ya saka miki, ya ƙara wa idonki gani.

Ku kuma masu gyaran amare daga Magarya har Dancawo, ku koyi cewa a'a, ko da gwaggon amarya ce tsaye a kanku.