Abin da Baba Ya Binne

Shekara biyu na yi ina karatun sankarar mama a cikin kwamfuta kafin ta biyo ni har gida. Ni malamar kimiyya ce a wata makarantar 'yanmata a Karaye, a lokacin kuma ina haɗa digiri na biyu a jami'a. Aikina shi ne in zana siffar wani sinadari da ke jikin ƙwayar sankara, in yi ta gwada masa magunguna a kan allon kwamfuta don in ga wanne zai kama shi. Ba na taɓa jini, ba na taɓa marar lafiya. A ɗakin da ke kusa da namu wasu na ta fama da wani gari mai laushi, wai shi zai ɗauki magani ya kai shi daidai kan ƙari ba tare da ya ɓata sauran jiki ba. Mu yi musu dariya, su yi mana. Kowa ji yake shi zai ceci duniya, ni kuwa na fi kowa ɗaukar kai.

Ƙauyenmu yana bayan Rogo, wajen Gwangwan. A can wata Asabar, muna wanke-wanke, Inna ta ce da ni wani abu ya fito mata a nonon hagu, ya kai ƙwan zabo, amma ba ya ciwo. Yadda ake ba da labarin akuya ta shiga gona, haka ta faɗe shi. Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun kafin azumi. Na yi mata faɗa har sai da ta ce, "Ke Auta, ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

Na kai ta wani ƙaramin asibiti. Likitan ya ce zai cire ƙarin gaba ɗaya, a sa shi a kwalba, a kai Kano a gwada. Wannan gwajin shi ne komai, kuma babu wanda ya fi ni sani. Shi zai faɗa ko sankara ce ko ba ita ba ce. In ita ce, shi zai faɗi irinta, don akwai wadda ƙwaya ɗaya a rana take kwantar da ita, akwai wadda sai an yi ƙarin ruwa mai zubar da gashi da karya ƙarfin mutum. In babu gwajin, likita lalube kawai zai yi.

Ranar Talata aka yi aikin. Nas ta nuna mini kwalbar, ga abin nan a cikin ruwan magani mai yaji a ido. Washegari kuma aka sa mini in tsaya gaban malamai in kare bincikena, in na rasa ranar sai wata shekara. Na ce da nas ɗin ta ajiye mini kwalbar har in dawo, ni da kaina zan kai Kano. Ta ce to.

Baba yana zaune a benci a waje da carbinsa. Shi ne mai unguwarmu, kuma shi ke wanke mamata maza, shi ke auna kabari da kara, tun kafin a haife ni. Na zo zan yi masa bayanin kwalbar, na durƙusa, sai bakina ya ƙi. A gidanmu ban taɓa furta kalmar nono a gabansa ba. Ko da ciwon ya tashi, ce masa na yi Inna tana fama da ƙirji. Yaya zan dubi tsohon nan in ce an yanko wani abu daga nonon matarsa, ga shi can a kwalba? Na ce a raina ai kwana biyu ne, babu abin da zai faru. Na ce masa zan je in dawo. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, Allah ya ba da sa'a.

Malaman suka ɗaga zaman da kwana biyu, sannan aka yi ruwa mai ƙarfi hanya ta lalace. Sai Litinin na dawo. Na wuce asibitin kai tsaye. Wata nas ce daban a bakin aiki, ta ce ai tun Laraba aka sallami Inna, kuma an haɗa wa maigidan komai nasu a leda, har da kwalbar, tunda ba su da wurin ajiya. Ban tsaya jin ƙarshen maganarta ba. Na hau mota zuwa Rogo, na tare ɗan acaɓa, ina ta dukan kafaɗarsa ya ƙara wuta, shi kuma yana ta kauce wa taɓo yana cewa, "Hajiya, in mun faɗi fa?"

Na tarar da Inna a tsakar gida tana shan kunu, fuskarta fes. Na gaishe ta sama-sama na faɗa ɗakinta. Na duba ƙarƙashin gado, na buɗe kwalla, na zazzage jakar asibiti. Babu. Da na fito sai na hango ta. Tana kife a kan rufin akurki, an wanke ta tas, tana shan rana.

"Kwalba mai kyau," in ji Inna, "kanwa zan riƙa zubawa."

Na ɗauke ta na cusa a jakata. Na ce, "Inna, abin da ke ciki fa?"

Ta ce, "Tambayi babanki. Ni ko kallonsa ban yi ba."

Sai bayan la'asar ya shigo zaure. Na durƙusa muka gaisa. Ya tambayi hanya, ya tambayi maigidana, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ruwa a Karaye, ya tambayi jarrabawa. Ina amsa lafiya lau, lafiya lau, na ƙosa ya gama. Da ya kai ƙarshe na ce, "Baba, ledar da aka ba ku a asibiti, akwai kwalba a ciki."

Ya ce, "Akwai. Kada ki damu, na gama da wannan." Ya gyara zama, da alama yana jin ya sauke nauyi. "Abin da ya fita daga jikin ɗan Adam ai ba a barinsa a kwalba kamar man shanu. Ranar da muka dawo na fitar da shi, na wanke, na naɗe a farin ƙyalle, na kai maƙabarta. Kusa da kakarki na sa shi. Ga takardar da suka haɗo da ita, na adana miki."

Ya cire hula ya zaro takardar, a ninke, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Takardar neman gwaji ce, da Turanci.

Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. Duk kunyar da na yi shekara talatin ina tattali ta zube a zauren nan. Na ce abin da kuka binne daga nonon Inna aka ciro shi. Na ce ana zargin sankara ce, mai kisa. Na ce wannan tsokar ita kaɗai za ta gaya wa likita maganin da zai ba ta, babu wata, an cire duka. Na ce kwana biyar ke nan tana cikin ƙasa, da damina! Ina faɗa ina kuka, har wani da ya zo wucewa ya leƙo ya koma.

Baba ya bari na gama. Sannan ya ce, a hankali, "Auta, ina zaune a bencin nan. Kin durƙusa a gabana. Me ya hana ki faɗa mini?"

Gara a ce mari ya yi mini. Na ce, "Kunya, Baba."

Ya gyaɗa kai.

Na ce, "Ku taimake ni ku tono shi. Wataƙila akwai abin da ya rage."

Ya ce, "Tun ina saurayi nake rufewa. Ban taɓa buɗewa ba."

Na kama ƙafafunsa. Ban taɓa yi ba, ban kuma sake ba. Na ce ba gawa ba ce, mai jikin tana nan tana shan kunu, ita nake roƙa wa. Na ce in zunubi ne a rubuta a kaina. Ya zare ƙafarsa, ya tashi ya shiga cikin gida. Na zaci magana ta ƙare. Sai ga shi ya fito da fartanya.

Mata ba sa shiga maƙabarta a garinmu, don haka a gindin wata darbejiya na tsaya, daga bakin hanya. Ina hango bayansa. Ya yi sallama ga mutanen wurin, ya daɗe a tsaye, sannan ya durƙusa. Sara biyu ya yi da fartanyar ya ajiye ta, ya ci gaba da hannu. Na yi addu'o'in da na sani har suka ƙare, na koma lissafi. Kwana ɗaya tal naman ya yi a ruwan magani, bai isa ya ratsa cikinsa ba. An wanke shi. An yi ruwa sau biyu. Ilimin da nake taƙama da shi bai yi mini amfanin komai ba a wurin nan, sai dai ya gaya mini tun da wuri cewa na makara.

Ya dawo da laka har gwiwar hannu. Ƙyallen ya koma ja, gara ta huda shi ta gefe. Tun kafin ya miƙo na ji wari. Ya ba ni da hannu biyu, bai dube ni ba.

Duk da haka ban haƙura ba. Na sayi sifirit a wani kantin magani a Rogo, na mayar da naman cikin kwalbar na zuba masa, da safe na bi motar farko zuwa Kano. Likitar ɗakin gwajin dattijuwa ce. Ta ɗaga kwalbar ta duba, ta saurari labarina har ƙarshe, ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta ce, "Malama, ke ma kin sani." Na ce na sani, amma a gwada. Suka gwada. Bayan mako biyu takarda ta fito da layi ɗaya: naman ya ruɓe, ba a iya karanta komai.

Na koma wurin likitan da ya yi aikin. Ya sa aka yi hoto, hoton bai nuna komai ba. Na roƙe shi ya fara ba ta magani ko wanne ne. Ya ce ba zai ɗura wa tsohuwa ƙarin ruwan da zai iya kwantar da ita ba, a kan ciwon da bai tabbatar tana da shi ba. Ya ce mu sa ido. In ba sankara ba ce, shi ke nan, mun huta. In ita ce za ta dawo, a nan sai a samu abin gwadawa. Na ce, "Wato mu zauna mu jira ta?" Ya ce, "Wallahi ba ni da abin da ya fi wannan."

Ba mu gaya wa Inna ba. Ita a ganinta ta warke. Ta yi sadakar waina, ta aika wa 'yan'uwanta na Ruwan Bago cewa Allah ya yaye. Baba kuwa ya rame. Ya daina zama a zaure bayan la'asar. Rana ɗaya ya raka ni bakin hanya, abin da bai saba ba, muna jiran ɗan acaɓa sai ya ce, "Ni na cuce ta ko?" Na ce a'a. Na so in ce ni ce, amma na ga in na faɗa zai fara rarrashina, ni kuma ba zan iya ɗauka ba.

Digirin ya fito. Malamai sun yaba, wai maganin da na gwada ya zauna daram a kan sinadarin. Na rufe kwamfutar na yi wata biyu ban buɗe ba. Haushin kaina nake ji, da haushin duk wanda ya ce mini barka.

Kowace Juma'a in an tashi daga makaranta sai in hau mota. Na ce da Inna likita ne ya ce a riƙa duba ɗinkin. Takan yi mita, ta ce na mayar da ita kamar tunkiyar da za a saya, amma takan shiga ɗaki ta cire riga. In bi wurin ɗinkin da yatsu, in bi ɗaya ɓangaren, in bi wuya da hammata. In ban ji komai ba, ba na samun sauƙi. Sai in dawo Karaye ina tunanin ko sankarar tana can tana tafiya a hanta ko a ƙashi, inda yatsana ba ya kaiwa, mu kuma muna zaune muna jiran ta yi sallama. Haka na yi ta yi har aka fara cirar gyaɗa. Abinci ya daina yi mini daɗi, na fara yi wa ɗalibai tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Wata Juma'a na tarar da ita ta dawo daga tsinkar gyaɗa, duk ƙasa a zaninta. Ta ce in bari sai ta yi wanka, na ce a'a, yanzu. Ta ɗaga hannun hagu tana ba ni labarin wata maƙwabciya da ta haihu. A can cikin hammata na ji shi. Kaluluwa ce, ƙarama, mai tauri, ba ta motsi. Na danna, na sake dannawa. Tana nan.

Na san abin da take nufi, na san ba alheri ba ne. Amma abin da ya fara zuwa mini, Allah ya yafe mini, daɗi ne. Ga abin gwadawa ya samu. Wannan karon ni zan riƙe kwalbar, daga ɗakin tiyata har Kano, ba zan ajiye ta ko don salla ba. Daɗin ya taso mini tun daga ciki har fuska kafin in iya tare shi.

Inna ta katse labarinta ta ce, "Yaya dai, kin yi shiru?"

Ta juyo ta dube ni, ta ga ina murmushi. Sai ta ce alhamdu lillahi, ta jawo rigarta ta saka.