Layin Ƙasa Da Ba Mu Rubuta Ba

Jiya ina kakkaɓe durowa na ci karo da littafin Baba, surukina, har da shatin yatsana na manja a bangonsa. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa.

Aikin buga takardu ya yi a Dutse har ya yi ritaya. A tsohuwar kwamfutarsa ya sauya wa maɓallai ayyuka yadda hannunsa ya saba, ba wanda ya san kansu sai shi. Da idonsa ya yi rauni sai ya sa ni rubuta su a littafin: maɓalli a hagu, aikinsa a dama, wanda ake danne shi tare a tsakiya.

"Kin gwada, 'yar nan?"

"Baba, ai kai ka faɗa."

"To ni ba na mantuwa? Danna mu gani."

Wata Laraba bayan la'asar ya kira ni, saura layin ƙasa kawai. Albasa na kan wuta, na ce, "Baba, a bari sai gobe." Ya ce, "Allah ya kai mu." Washegari zazzaɓi ya kwantar da shi, bai sake tashi ba.

Yau na kunna kwamfutar, na bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya ina rubuta abin da na gani. Biyu sun gagare ni, na bar gurbinsu fari. Allah ya yafe min jinkirin nan, ya haskaka kabarin Baba, ya sa ya huta.