Inna Tana Jiran Ladan a Okala

Jiya na dawo daga shago na tarar da Inna zaune a kan darduma da alwalarta, duhu har ya shiga. Da rana ta sauka daga Maradi, zuwanta Gabon na farko, nan unguwarmu ta Okala.

Na ce, "Inna, kin yi Magariba?"

Ta ce, "Ladan nake jira."

Na faɗa mata maƙwabtanmu kusan duk Kiristoci ne, masallaci da nisa, waya ce ke kira mana salla.

Sai ta ce, "To jikokina muryar wa za su tuna?"

Ni kaina ban san ranar da na daina jiran ladan ba.

Ku da ke zaune a irin waɗannan ƙasashe, me kuke ce wa iyayenku?