Ɗorawar Goggo

A ƙauyenmu, can bayan Kibiya, mutum yana iya mallakar bishiya alhali ko taku ɗaya ba shi da shi a ƙasar da take tsaye a kai. Haka Goggo, yayar mahaifina, ta mallaki ɗorawar da ke kusurwar gonarmu ta bakin hanya. Lokacin da aka zo rabon gadon kakanmu tana aure a Rurum, sai ta ce me za ta yi da gona daga nesa, a bar wa ƙanenta ƙasar, ita a bar mata ɗorawa. Dattawa suka shaida, aka shafa fatiha. Gona ta Baba ce, bishiya ta Goggo, kuma duk garin ba wanda bai san da haka ba.

Da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu da zama. Ba ta da ɗa namiji, 'ya'yanta mata kuma kowacce na ɗakinta. Ɗorawar nan ce ta riƙe ta. Da bazara a kaɗo mata 'ya'yan, ta shanya, ta daka, ta ware gari gefe, kalwa gefe, ɓawon kuma ta ba masu daɓen ɗaki su yi makuba. Ranar da take dafa kalwa ba sai ka tambaya ba, hancinka zai gaya maka tun daga ƙofar masallaci. Nakan tsokane ta in ce warin daddawarta ne ya hana ni samun mata da wuri, ita kuma ta ce da waɗannan kunnuwan nawa ko turare take dafawa sai na jira. Ba ta taɓa roƙon kowa sabulu ko gishiri ba, kuma tana ji da hakan ƙwarai.

A shekarun da aka dawo mulkin farar hula, Shari'a ta zo, kowane ɗan takara kuma ya zo da alkawarin ruwa, ina koyarwa a wata firamare a Rano, sai ƙarshen mako nake leƙa gida. Wahalar ruwa a garinmu ba ta wasa ba ce. Rijiyoyi kan ƙafe tun rani bai yi nisa ba, a koma tonon yashi a rafi. Kwatsam sai aka ce an ba mu rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, ba dizal, ba hayaƙi, ba jiran wutar lantarkin da ko turakunta ba mu taɓa gani ba. Masu awo suka zo da na'urarsu suka yi ta zagaye, ƙarshe suka ce ruwan yana kusurwar gonar Baba. Nan take Baba ya ce ya bayar saboda Allah. Aka yi ta sa masa albarka, ni ma har kaina ya ɗan kumbura.

Sai ga matsala. Farantan da ke zuƙar rana ba sa shiri da inuwa, ɗorawa kuwa tun hantsi take rufe wurin. Injiniyan aikin, wani saurayi mai ladabi daga Kano, ya nemi izinin Baba a sare ta, domin a tsarin da ya zo da shi mai ƙasa shi ne mai duk abin da ke kanta. Baba ya ce a dakata sai an tambayi Yaya. Injiniya ya ɗauka ladabi ne kawai na ƙane ga yayarsa, bai ƙara tambaya ba.

A nan aka yi ɓarnar, kuma da kyakkyawar niyya aka yi ta. A wurinmu in za a nemi babban abu wajen babban mutum, ba a zuwa masa kai kaɗai kamar mai aron tsintsiya. Don haka Baba ya ɗebo liman da mai unguwa da wasu dattawa suka cika zaure, don a girmama Goggo. Aka kira ta, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ciki, aka gaisa.

Liman ya ce, "Yaya, alheri ne ya kawo mu." Ya yi bayani mai daɗi kan ladan shayar da ruwa, yadda yake bin mutum har kabari. Dattawa na ta gyaɗa kai.

Baba ya ce, "Yaya, ɗorawa taki ce. In kin ce a'a, shi ke nan an bar maganar."

Ta dubi liman, ta dubi mai unguwa. Sannan ta ce, "Allah ya gafarta malam, ni wace ce da zan hana gari shan ruwa? Ku sare."

Har yau in na tuna wannan zaman sai raina ya ɓaci. Wace tsohuwa ce za ta dubi liman da mai unguwa ta ce ɗorawarta ta fi ƙishin gari? Da Baba ya shiga ɗakinta shi kaɗai ya zauna a bakin gadonta, da ta faɗa masa abin da ke ranta, ƙila ma har da zagi. An tara mata girma, girman ya rufe mata baki.

Ranar da aka zo da injin yankan itace ba ta fito ba. Sai bayan bishiyar ta kwanta, ana sassara rassan, muna hira da injiniya na ambata masa cewa da ita Goggo take ci take sha. Ya tsaya yana kallona. Ya ce, "Malam, da na san haka ai da mun matsar da farantan can gefe, waya kawai za a ƙara."

Yaron kirki ne, ban taɓa riƙe shi a zuciya ba. Dokar aikinsu ta ce duk bishiyar da aka sare a dasa madadinta, sai ya nemo 'yan tsirran ɗorawa a cikin baƙar leda ya kawo wa Goggo da kansa. Ta yi godiya ta sa masa albarka. Baba ya ce ta dasa duk inda take so a gonar. Ta ce a'a. Ta ce waccan gado ce, kowa ya shaida, amma in ta dasa sabuwa a gonar wani, rigima za ta bar wa 'ya'yanta da nasa, ita kuma ba za ta ga 'ya'yan bishiyar ba balle ta raba gardama. Ta jera su kusa da randa tana ba su ruwa, har wata akuya ta gama da su.

Ruwa kam ya zo, kuma mai daɗi ne. Tanki ya cika, aka daina zuwa rafi, masu ƙarfi har suka fara ɗan lambun albasa da tumatir a gefen rijiyar. Ba zan ce aikin bai yi amfani ba, ƙarya zan yi. Goggo ma da shi take alwala.

Da bazara ta zagayo, na sauka daga mota ranar kasuwar Kibiya don in yi wa gida cefane. Ina ratsa layin masu hatsi sai na hango Goggo tsugune gaban wata mai kalwa, tana damƙa tana shinshinawa, tana roƙon a ƙara mata gyara. Matar da ake bi har gida neman kalwa. Ta ɗago kai muka haɗa ido. Da sauri ta ja gefen mayafinta ta rufe ƙwaryar da ta zo da ita.

Na juya na fara taya wani buhun gero da ba ni da niyyar saye, har sai da ta tashi ta tafi.