Rigar Hadari da Zanen Inna

Shekarar da gero ya bushe a tsaye a Kamarawa, tulu guda muke samu a yini, shi ma sai an tona yashin gulbi har ƙugu. A shekarar Inna ta rasu. Abin da ta bar mini zane ɗaya ne na shuni, baƙi wuluk, mai sheƙi.

Wata rana bayan magariba na ga zanen ya yi dauɗa, raina ya ɓaci. Na juye rabin tulun a tukunya na ɗora bisa murhu. A wautata ta 'yar shekara tara, ruwan zafi shi ne girmamawa, tunda shi ake kai wa baƙo da mai jego. Tsoma gefe guda ke da wuya, ruwan ya rine.

"Ke! Subhanallahi! Hidda shi!" in ji Kaka Hajo, mahaifiyar Inna. Ta fizge zanen ta rungume. Na jira duka, shiru. Zubar da ruwan kuwa ko mahaukaci ba zai yi ba a shekarar.

"Sauke tukunyag ga, uwar azarɓaɓi. Za ni ba ki labari kahin shi huce."

Muka zauna gaban garwashi, tururi na tashi a hankali. Ta ce, "Ga ta nan tahe, daga gabas." Na ce ta iso lafiya.

Wai can da, Hadari baƙar riga gare shi ta shuni. Duk ƙarshen rani sai ya sauko bakin gulbin Alkalawa, ya tuɓe ya miƙa wa wata tsohuwa ta wanke masa da ruwan randa mai sanyi. Ya mayar, ya hau sama, ƙasa ta sha. Da tsohuwar ta mutu, jikarta ta gaje ta. Don tsabar son baƙon, sai ta tafasa ruwa. Shunin ya bi gulbi ya tafi, riga ta fito fara fat. Kunya ta kama Hadari. Tun daga nan yake giftawa can nesa, fari sol, ko sallama babu.

"Kaka, zai dawo?"

"In an rina mai wata. Ruwan zahi na tsumman maiƙo na, da kayan marar lahiya. Abin da kika so, da sanyi aka wanke shi." Ta tsoma gwiwar hannu a tukunyar, ta ce labari ya ƙare, ruwa ya huce. Tare muka wanke zanen, ba murza, muka shanya a rumfa inda rana ba za ta same shi da safe ba. A mafarkina na ranar, na ga Inna tana shanya shi a sama, yana ɗiga bisa gonarmu.

Sai da na haihu na gane cewa a wurin ta ƙirƙiro labarin, don kada ta yi kuka a gabana. Inna 'yarta ce fa. Zuciyarta ta fi tukunyar tafasa, amma ta jira ta huce kafin ta taɓa ni.

Zanen na nan cikin akwatina, gefe guda ya koɗe. Kwanaki ƙaramar 'yata ta fasa mini kwanon da nake ji da shi, har na ɗaga hannu. Sai na ji ƙaurin garwashin nan. Na ce mata ta zo ta zauna, ina da labari.